Fatiha a Bakin Turmi

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Babban Likitan Jihar Arewa ke magana, a gyara zama!

A unguwar Kakuri akwai yaro, Ɗanlami, mai ƙananan idanu da nauyin harshe. Maƙwabta suka ce ɗan ruwa ne, a mayar wa kogi. Malamin allo ma ya ƙi shi. Uwarsa ta ce, "Kogin ne ya yi naƙudarsa?" Ta lura sai da kiɗa yake riƙe magana, sai ta riƙa biya masa Fatiha tana daka. Yanzu ya haddace tsaf. Asabar za mu koma wurin Malamin allon, ko da turmin a ka. Iyaye mata, me za mu ƙara?

Af, na ce "mu"? To, babu wani likita. Ni Sule ne, wan Ɗanlami, mai ɗaukar turmin.